Uwargida, Kada Ki Yi Wa Haƙarƙari Gaggawar Yaji

Yau zan yi magana ne a kan wani kuskure da ya zama ruwan dare a gidajenmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, musamman da Babbar Salla, wato lafta wa haƙarƙarin rago ƙuli da yaji tun kafin a ɗora shi a wuta.

Ni ma na taɓa faɗawa. Shekarar da aka kai ni ɗakin miji, na kwaɓa garin ƙuli da man gyaɗa, na shafe haƙarƙari da shi, na ɗora bisa wuta tana ci. Kafin a jima bayansa ya yi baƙi ƙirin, ga ɗaci, cikinsa kuwa jini na nan jikin ƙashi. Surukata ba ta ce uffan ba, ta dai ɗanɗana ta ture kwanon. Har yau ban manta da wannan kunya ba.

Ga dalili. Haƙarƙari nama ne mai jijiya da kitse, ga kuma ƙashi. Ba ya nuna sai da wuta kaɗan-kaɗan, awa ɗaya ko fiye. Shi kuwa ƙuli an riga an toya shi, saboda haka ba ya jure doguwar wuta. Barkono ma in ya ƙone sai ɗaci. In kuwa kin haɗa da zuma ko sukari, abin ya fi muni, domin su ne kan gaba wajen ƙonewa.

Wata za ta ce, "Ai Malama, mai tsire tun nama yana ɗanye yake baɗa ƙuli." Haka ne. Amma dubi yankansa, fale-fale ne, nan da nan yake nuna, kuma gefen wuta yake jera tsinkayensa. Mai kilishi ma sai nama ya bushe a rana yake tsoma shi cikin labu, ya sake shanyawa, sa'an nan ya ɗan nuna masa wuta. Mai balangu kuwa sai kin zo saye yake zuba yaji. Ko a Amurka, inda suka shahara da gashin haƙarƙari, miyarsu mai tumatir da sukari sai saura minti 15 zuwa 30 a sauke suke shafa ta.

To, ga shawarata. Da fari ki shafa gishiri da citta da tafarnuwa da ɗan masoro kawai, ki bar shi ya tsumu. Ki jira harshen wuta ya mutu, sai garwashi. Ki ɗora ɓangaren ƙashi a ƙasa, ki riƙa juyawa. Idan kin ga nama ya fara janyewa daga bakin ƙashi, kin soka wuƙa ba jini, sa'an nan ne za ki shafa kwaɓin ƙulinki, kaɗan-kaɗan, sau biyu, cikin minti 10 na ƙarshe. Sauran yajin ki kai shi a ɗan faranti, kowa ya dangwala gwargwadon bakinsa.

'Yan'uwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kowa ya san yadda satar dabbobi da rashin tsaro suka taɓa yankinmu, ta kuma san wahalar da maigida ke sha kafin ya sayo rago. Bai kamata a ƙona shi a banza ba. Ban da haka, naman da bai nuna ba yana ɓata cikin yara, ƙonanne kuma masana lafiya suna gargaɗi a kan yawan cinsa.

Ku kuma ɗalibaina, in an yi hutun Salla ku tsaya kusa da iyayenku a bakin murhu ku koya. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, amin.