Idan Hantar Malami Ta Kaɗa

'Yan'uwa malamai, Bahaushe idan ya gamu da abin firgita yakan ce hantar cikinsa ta kaɗa. Mun daɗe muna koyar da wannan a aji a matsayin adon magana, alhali kuwa masana aikin jiki sun nuna cewa maganar tana da tushe. Duk malamin da ke ƙasar Jega, Aliero da Maiyama zai tuna halin da ya shiga ranar 17 ga Yuni, 2021, sa'ad da labari ya iso cewa 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri sun kwashe ɗalibai da malamai. Washegari mun shiga aji alli a hannu, kunne kuma yana bakin ƙofa.

A irin wannan lokaci, wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a kan ƙoda sukan zubo sinadarai cikin jini. Na farko shi ne adiranalin, wanda ke aiki cikin ƙiftawar ido: zuciya ta ƙara bugu, hanta ta fasa rumbun sukarinta ta tura cikin jini domin jiki ya sami ƙarfin gudu ko kare kai. Jijiyoyin jinin hanji kuma su tsuke, a karkatar da jini zuwa ga tsokoki. To, mafi yawan jinin da hanta ke samu ta hanji yake biyowa, saboda haka ana neman ta da aiki mai yawa a daidai lokacin da aka rage mata guzuri. Daga baya sai kotizol ya biyo, ya sa ta ƙera sabon sukari, ya kuma sassauta garkuwar jiki. Tun 1936 Hans Selye ya bayyana a Kanada yadda matsanancin matsi ke lalata kayan cikin ɓeraye, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna alamun rauni a hantar dabbobin da aka takure.

Ban ce firgita guda tana kashe lafiyayyar hanta ba. Allah Ya yi ta da juriya, har takan sake tofowa bayan an yanke wani sashenta. Abin tsoron shi ne hantar da dama tana ɗauke da kaya. Binciken ƙasa na 2018 ya gano cewa kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma ciwo ne da kan yi shekaru bai nuna alama ba. Sai a 2004 aka sanya allurarsa cikin rigakafin jarirai, wato yawancinmu mun girma ba a yi mana ba. A makaranta mai malamai ashirin da biyar, lissafi ya nuna ana iya samun biyu.

Sai kuma abin da muke yi da hannunmu bayan tashin hankali, wanda a ganina ya fi firgitar kanta ɓarna. Kai ya sara, barci ya ƙaurace, sai a bi ta kemis. Iyakar farasitamol ga babba giram 4 ne a yini, wato ƙwaya takwas, amma mutum zai sha shi, ya ɗora maganin mura mai ɗauke da shi, ya kora da jiƙon da aka saya a kasuwa ba a san abin da ke ciki ba. Wasu har da ƙwayoyin dangin kotizol, irin su dekzametason, waɗanda likitoci suka san suna iya tayar da ƙwayar B da ke kwance. Duk wannan hanta ce za ta tace shi.

Za a ce mini haƙuri da addu'a su ne maganin mumini. Haka ne, amma wanda ya dogara ga Allah ma yakan ɗaure raƙuminsa. Kuma ba harin 'yan bindiga kaɗai ke kaɗa hanta ba. Malamin da ya je duba albashi aka ce sunansa ya faɗi a tantancewa, ga iyali ga bashin mai shago, jikinsa bai san bambancin wannan da ƙarar bindiga ba.

Saboda haka nake kira ga reshenmu na NUT ya ɗauki lamarin a matsayin haƙƙin ma'aikaci. A shirya gwajin ciwon hanta ga malamai da iyalansu a manyan asibitocin Jega, Aliero da Maiyama, a kuma aika ma'aikatan lafiya zuwa makarantun karkara irin na Kuberi, inda kuɗin babur kaɗai kan hana mutum zuwa. Wanda ba shi da ƙwayar a yi masa allurai uku, wanda ke da ita a haɗa shi da likita cikin sirri. Malamin da wani mummunan abu ya rutsa da shi a bakin aiki a ba shi 'yan kwanaki ya huta, a duba hawan jininsa da sukarinsa, maimakon a tsare shi da rajistar halarta. Gwamna Nasir Idris ya taɓa shugabantar ƙungiyarmu ta ƙasa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. A kai masa buƙatar a rubuce kafin 28 ga Yuli, ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya.