Wa ya kamata ya ɗauki nauyin masu binciken ilmi?

Bismillahir rahmanir rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani masana sun saɓa a kan wata mas'ala: mai binciken magani da halittu, wa zai ciyar da shi, baitulmali ko attajirai? Ni abin da na gani, binciken da rayuka suka rataya a kansa farilla ce ta kifaya, kuma shugaba ne farkon wanda za a tambaya.

Hujjata bushiya ce, cutar da ta karkashe shanun ƙasarmu. Hukuma ce ta kafa gidan binciken dabbobi a Vom a 1924. Allurar da ta ci ƙarfin cutar a gidan bincike na hukuma aka haɗa ta, a Kenya. A 2011 aka yi shelar bushiya ta ƙare a duniya. Wane ɗan kasuwa ne zai jira riba shekaru masu yawa haka, kuma daga makiyayin da ba shi iya biya?

Masu saɓa mini suna cewa hukuma nawa gare ta, kuma sabon shugaba yakan watsar da aikin na gabansa. Sun yi gaskiya. Dukiyar gidan Rockefeller ce ta ɗauki nauyin binciken shawara a Yaba ta Ikko, har aka samu rigakafinta a 1937. A Bagadaza ma, 'ya'yan Musa ɗan Shakir sun biya masu fassara littattafai daga aljihunsu, alhali halifofi suna nasu.

Amma ku lura, wannan sadaka ce, ba ciniki ba. Abin tsoro shi ne mai kuɗin da ke biyan malami ya auna hajarsa, domin baki in ya ci, ido ya ji kunya. Sarki ma yana iya toshe baki kamar haka.

Saboda haka nake cewa baitulmali ya riƙe tushe, attajirai su ƙara da wakafi, bisa sharaɗi ɗaya: abin da aka gano a bayyana shi ga jama'a, ya yi wa mai biya daɗi ko bai yi ba. Attajiranmu da ke gina masallatai, Allah ya saka musu, su tuna zazzaɓin cizon sauro bai bar 'ya'yanmu ba har yau.

Allah ne mafi sani. Wassalamu.