Idan Jama'a Suka Ƙaura, Ina Ikilisiya Za Ta Tsaya?

A tsarin Katolika, farish yanki ne mai iyaka. Duk wanda yake zaune a cikin yankin, Fadan wurin ne makiyayinsa, kuma a littafin farish ɗin ake rubuta baftismarsa da aurensa. Tsari ne da ya dace da mutanen da suke zaune wuri ɗaya tun kaka da kakanni. Amma a Arewa yau mutane suna ta tashi, waɗansu don tsoro, waɗansu don neman abinci. Ya kamata mu duba abin da wannan yake yi wa ikilisiya, domin abin da ya sami Katolika ya sami ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da Baptis.

Garin Kaduna ne misali mafi bayyana. Kafin shekarar 2000, Kirista da Musulmi suna zaune cuɗanye a unguwanni da yawa. Rikicin shari'a na Fabrairun 2000 da rikicin gasar sarauniyar kyau na Nuwamban 2002 suka raba garin biyu, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. Kirista da yawa suka bar Tudun Wada da Rigasa da makamantansu, suka koma Sabon Tasha, Narayi, Television da Gonin Gora. Majami'un kudancin gari suka cika har ana yin sujada sau da yawa a ranar Lahadi ɗaya, ana kuma buɗe sababbin farish. Waɗansu na arewacin gari kuwa suka zama wurin da ake zuwa daga nesa, a yi sujada a koma. Inda haka ya faru, zumuncin tsakiyar mako ya raunana, domin mai tafiyar nesa ba zai zo koyon waƙa da yamma ba.

Ba wannan ne karo na farko ba. A 1966 da 1967, lokacin da 'yan kabilar Ibo suka koma Gabas, majami'un Katolika a Sabon Garin Kano da Zariya da Kaduna sun yi kusan zama wayam. Hakan ya sa aka ƙara mai da hankali ga 'yan ƙasa, ga sujada da Hausa, da horar da katikis. Amfanin wannan aiki ya fito fili a 2023, sa'ad da aka kafa dayosis na Katsina daga na Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan jihar Katsina, bishop na farko.

A ƙauyuka lamarin ya fi tsanani. Farish ɗaya yakan ƙunshi ƙananan majami'u da dama waɗanda Fada yake zagayawa, katikis kuma yana riƙe da su sauran kwanaki. Garkuwa da mutane ta taɓa wannan tsari a jijiyarsa. A Janairun 2020 aka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limamai ta Good Shepherd a Kaduna, aka kashe Michael Nnadi mai shekara 18. A Yulin 2022 aka kashe Fada John Mark Cheitnum na dayosis ɗin Kafanchan. A Janairun 2023 aka ƙone Fada Isaac Achi a gidansa a Kafin Koro ta jihar Neja, shi da ya tsira daga bam ɗin Madalla na Kirsimetin 2011. Idan hanya ta zama abin tsoro, zuwan Fada yakan yi wuya, jama'a su daɗe ba su karɓi Jibin Ubangiji ba. Nauyin jana'iza da koyar da yara da ta'azantar da gwauraye sai ya koma kan katikis da Zumuntar Mata, waɗanda sau da yawa su ne aka fi mantawa da su wajen rabon kuɗi.

Akwai kuma maganar aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota ya hau, abinci ya yi tsada. Iyali mai mutum shida sai ya yi lissafi kafin ya shiga keke mai ƙafa uku zuwa coci. Manomin da bai iya zuwa gonarsa ba, ba shi da buhun da zai kawo ranar godiyar kaka. Baiko yana raguwa daidai lokacin da masu neman taimako a ƙofar Fada suke ƙaruwa.

Ƙaura tana kuma kawo gardamar harshe. Iyayen da suka gudo daga ƙauye sun saba da sujada da Hausa, 'ya'yan birni kuwa sun fi son Turanci. In ba a lura ba, sujadar Hausa sai ta zama ta talakawa da baƙi, kujerun shugabanci kuma su tsaya a hannun tsofaffin mazauna. Ikilisiyar farko ta sha irin wannan. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu wajen rabon abinci, manzanni kuwa suka sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. Sun gyara tsari ne domin ya dace da jama'ar da take gabansu.

Mun ga irin wannan gyara a Yola. Da Boko Haram ta kori mutanen Madagali da Michika da Mubi a 2014, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar babban cocin St. Theresa ga 'yan gudun hijira, Kirista da Musulmi. A 2021 dayosis ɗin ya buɗe musu gidaje 86 a Sangere Marghi, da makaranta da coci, har da masallaci don Musulmin cikinsu.

To, me ya rage mana? Mu san waɗanda suka shigo unguwarmu, mu rubuta sunayensu, mu ba su aiki a cikin ikilisiya maimakon mu bar su a bencin baya. Mu adana kwafin littattafan baftisma da aure a wani wuri dabam, domin idan aka ƙone majami'a, matashin da zai yi aure a birni kada ya rasa shaida. Mu ƙarfafa addu'ar gida gida a unguwanni, mu kuma sa katikis da masu bishara na ƙauye a gaba cikin kasafin kuɗi. Majami'un birni da suka cika su tuna cewa da yawa daga masu cika su daga majami'un ƙauye da suka watse suka fito, bashi ne a kansu su tallafa musu. Kada kuma mu yanke zumunci da maƙwabtanmu Musulmi, domin yaron da ya girma bai taɓa cin tuwon salla a gidan maƙwabci ba, da sauƙi za a koya masa tsoro.

Allah ya ba shugabanninmu hikima, ya kuma komar da waɗanda suka warwatse gidajensu lafiya. Amin.