Dogon yaro: inuwar biranen Nijar ta rataya a wuyan icce guda

Kowace ranar 3 ga Agusta, tun daga 1975, hukumomin Nijar kan fita dashen itatuwa, a ƙirga dubbai, a ɗauki hoto, a watse. Abin da ba a cika ji a jawabai ba shi ne lafiyar waɗanda aka riga aka dasa. Alhali duk wanda ya zagaya Yamai, Maradi, Damagaram ko Tawa zai ga kusan icce guda ne ke riƙe da inuwar tituna, makarantu da kasuwanni: dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi.

Baƙo ne. Daga yankin Indiya aka kawo shi Afirka ta Yamma zamanin mulkin mallaka, ya karɓu saboda saurin girma da jure fari. Shi ne ƙashin bayan dajin da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965. Shi ne kuma aka jera ɗaruruwan kilomita a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, daga 1975, don tare iska daga gonakin hatsi.

Sau biyu wannan icce ya yi gargaɗi. A tsakiyar shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai ɓawo, da masana ke kira Aonidiella orientalis, ɗan asalin Asiya, ya afka masa a yankin tafkin Chadi, daga arewacin Kamaru da Chadi zuwa Borno da gabashin Nijar. Ƙwaron yana manne wa ganye da reshe yana tsotse ruwansu, har icce ya koma kamar an babbake shi. Ba a gama da shi ba, sai ga wata cuta ta ɓulla a Nijar wajen 1990: tsofaffin ganyaye su yi ruwan ɗorawa su zube, a bar ɗan tuntu a ƙarshen dogon reshe tsirara, abin da masu bincike suka kamanta da wuyan raƙumin dawa. Ƙwararrun da suka duba ba su kama wata ƙwayar cuta da za a ɗora wa laifi ba. Sun fi karkata ga ƙishirwa, taurin ƙasa da cunkoson dashe. Wato iccen da ake yi wa kirari da jure wahala shi ma yana da iyaka.

Abin tsoron yana cikin asalinsa. Masana na ganin dogon yaron yankinmu ya fito ne daga iri ƙalilan da aka shigo da su tun farko, don haka itatuwan kusan ƴan gida ɗaya ne. Cutar da ta san lagon ɗaya ta san lagon saura.

Hanyar shigowar sabon bala'i kuma a buɗe take. Farin ƙwaron mangwaro ya bayyana a Togo da Ghana a farkon shekarun 1980, ya bazu a gabar teku, sai da aka kawo wani ɗan mitsitsin zanzaro daga Indiya mai kashe shi kafin a samu sauƙi. Ƙudan da ke sa mangwaro tsutsa an fara ganinsa a Kenya a 2003, cikin ƴan shekaru ya iso Afirka ta Yamma. Irin waɗannan ƙwari ba sa neman biza. Cikin kwandon ƴaƴan itace da ledar dashe suke tafiya. Ɗan ci-ranin da ya ɗauko dashen mangwaro ko lemo daga Kwatano ko Lome a matsayin tsaraba, da kyakkyawar niyya, yana iya sauke abin da bai gani ba a ƙarƙashin ganye.

Hankalin masu kare tsirrai ya fi komawa kan fara da tsutsar da ke cin masara da dawa, wadda ta shigo nahiyar a 2016, kuma ba laifi, abinci ne. Ma'aikatan gandun daji kuwa an fi saninsu da farautar masu saran icce. Tsakanin biyun, iccen bakin titi da ya fara zubar da ganye ba lokacinsa ba, da wuya a samu mai rubuta shi a takarda.

Manoman Maradi da Damagaram sun bi wata hanya dabam. Tun daga shekarun 1980 suka riƙa barin toho a gonaki suna yi masa sassabe, har aka ƙiyasta itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, kuka, a gauraye. Ƙwaro guda ba ya iya share irin wannan daji. Birane ne suka rage a baya, domin mai rainon dashe abin da ake saya yake shukawa, kuma muddin ma'aikatun magajin gari da ƙungiyoyi suna auna aiki da yawan abin da aka dasa, za su ci gaba da neman mai arha da saurin kamawa. Gawo da tsamiya suna buƙatar shekaru da kariya daga awaki, kuɗin da ba a cika warewa ba bayan an tashi daga biki.