Ba doki kaɗai ya ci yaƙi a ƙasar Pauwa ba

Akwai wani ra'ayi da ya samu karɓuwa a bakin masu ba da tarihi, cewa yaƙin ƙasar Hausa ba shi da wata dabara sai sukuwa: wanda ya fi yawan barade da 'yan lifidi shi ke da nasara. Wannan magana ta yi wa magabata ƙwauron adalci, kuma ƙasar Pauwa, daga Ƙanƙara zuwa Faskari da Sabuwa, ta isa shaida.

Hujjarsu ta farko ita ce dakare ba ya tsayawa gaban mahayi. To, me za su ce da Tafkin Kwatto a 1804? Yunfa Sarkin Gobir ya zo da dawaki da sulke da lifidi, jama'ar Shehu kuwa dawakinsu 'yan ƙalilan ne. 'Yan baka suka kama wuri, suka jure karon farko, kibiya ta tarwatsa rundunar. Lifidi yana tare kibiya, gaskiya ne, amma yana nauyaya doki, kuma ba ya rufe ko'ina.

Sun kuma ce babban karo guda shi ke yanke hukunci, suna kafa hujja da Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a 1836, har Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi suka kwanta dama. Nan ne maganarsu ta fi rauni. Maraɗawa ba su daina ba, salo suka sauya. Bayan Sarkin Katsina Siddiƙu ya murƙushe tawayen yankin Ruma, garuruwa suka watse, daji ya cinye gonaki, dajin kuwa ya zame wa mahara hanya zuwa kudu. A zamanin sarkinsu Ɗan Baskore, da kuma na jagoran yaƙinsu Ƙaura Hasau a ƙarshen ƙarnin, hari ake kaiwa: a bi duhun daji da rani, a faɗa wa gari, a kwashi mutane da shanu, a juya kafin gudummawa ta iso daga Birnin Katsina. Wannan aiki yana buƙatar ɗan leƙen asiri da sanin mashaya fiye da yawan mashi. Shi kansa Bello, da ya yarda karo guda ya wadatar, da bai dage kan kafa ribaɗi a iyakoki ba.

Hujjarsu ta uku, wai fakewa a dutse tsoro ne. Wanda ya san duwatsun ƙasar Pauwa ba zai faɗi haka ba. Doki ba ya hawan fa. Mutanen da suka zauna gindin dutse, suka kewaye kansu da ganuwa ko kafi, da gwalalo da sarƙaƙiya, sun tilasta wa mahayi ya sauka ya tako da ƙafa zuwa inda kibiya mai dafin kwankwani ke jiransa. Mahari kuwa ba shi da guzurin zaman kewaye gari, ga tsoron kada a datse masa hanyar komawa arewa.