FILIN GONA DA LAMBU: Tumatir Ma Yana Son Aski da Madogari



Wata baiwar Allah daga Bawku ta aiko mana da wasiƙa wadda muka ga ya dace mu amsa ta a bainar jama'a, domin damuwarta ta gidaje da yawa ce. Ta ce tun rasuwar maigidanta, lambun da ya bari a bakin ruwa shi ne ke ciyar da 'ya'yanta huɗu, shi ne kuma ke biyan kuɗin makarantarsu. A ranin da ya wuce tumatirinta ya yi kyau, ya yi 'ya'ya har ya kwanta, amma da lokacin tsinka ya zo sai ta tarar mafi yawan waɗanda ke ƙasa sun ruɓe, waɗanda suka tsira kuma ƙanana ne, 'yan sari suka yi musu tayin wulaƙanci. Tambayarta ita ce: ba ta da hanyar ƙara fili, to yaya za ta yi ɗan filin nan ya ba ta abin da ya fi haka?

Muna yi wa 'yar'uwarmu ta'aziyya, muna kuma yaba mata da ta tambaya, don matambayi ba ya ɓata. Amsarmu ta tsaya a kan ayyuka biyu waɗanda ba su bukatar kuɗi mai yawa, sai haƙuri da hannu: rage wa tumatir rassa, da ɗaga shi daga ƙasa.

Halin da mai lambu yake ciki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Walewale tsakanin watan Janairu da Afrilu ya ga manyan motoci suna gangarowa daga Paga, maƙare da akwatunan tumatir na Burkina Faso, sun nufi Techiman da Kumasi da Ankara. Motocin nan suna wuce lambunanmu ne su tsallaka iyaka, alhali muna da madatsar ruwa ta Tono kusa da Navrongo, da ta Vea kusa da Bolgatanga, ga kuma fadamun Farin Volta da kogin Nasia. Masana'antar tumatir ta Pwalugu, wadda aka gina a shekarun 1960, aka sake buɗe ta da sunan Northern Star a tsakiyar shekarun 2000, ba ta zama kasuwar da manoma suka sa wa rai ba. Saboda haka mai ƙaramin lambu ba shi da mai saye sai matan kasuwa, su kuwa abin da suke nema sananne ne: tumatir mai tauri, mai tsabta, mai girma daidai, wanda zai jure kwana biyu a mota bai fashe ba. Wanda ya kwana a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ya cika waɗannan sharuɗɗa.

Ya kamata mu sani cewa asalin tumatir daga nahiyar Amurka ta Kudu yake, kuma a halittarsa tsiro ne mai yaɗo, karansa ba ya iya ɗaukar nauyin 'ya'yansa. Idan aka bar shi sai ya kwanta. In ya kwanta, ganye ya rufe ganye, iska ba ta ratsawa, laima ta zauna, cututtukan ganye su samu wurin zama. Ruwan da aka kora cikin fangali ya jiƙa 'ya'yan, tsutsa da ƙwari su same su a saukake. Mai feshi ba ya kai magani ƙarƙashin ganye, mai tsinka kuma yana tattaka rassa.

A fara sanin iri kafin a taɓa shi

Nan ne mu kanmu muka taɓa yin tuntuɓe, kuma ba mu jin kunyar faɗa. Shekarun baya mun karanta a wata takarda cewa ana cire wa tumatir duk wani toho a bar masa kara ɗaya tak. Sai muka shiga lambun gidanmu da zafin nama, muka yi wa kunya shida aski tas. Da zafin watan Maris ya sauko, 'ya'yan suka tsaya tsirara a rana, gefensu ya yi fari ya ƙone kamar an ɗora musu garwashi. Wani dattijo mai lambu kusa da namu ya zo ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Ɗan malam, wa ya aike ka?" Muka ce, "Baba, a takarda muka gani." Ya ce, "To, takardar ta gaya maka wane irin tumatir take nufi?" Muka yi shiru. Garin neman gira muka rasa ido.

Abin da dattijon yake nufi shi ne tumatir iri biyu ne. Akwai gajere mai tsayawa: yana girma ya kai ƙugu ko ƙasa da haka, sai kansa ya ƙare da fure, ya daina tsawo, 'ya'yansa su nuna kusan lokaci guda cikin 'yan makonni. Pectomech da Tropimech da Roma da UC 82, waɗanda su ne aka fi sayarwa a shagunan iri na yankinmu, duk na wannan rukuni ne. Akwai kuma dogo mai ci gaba: ba ya daina tsawo muddin yana raye, yana fure yana 'ya'ya wata da watanni, yana iya wuce tsawon mutum. Irin wannan ne ake nomawa a rumfunan leda. Mai sayen iri ya tambayi mai shago ko malamin gona wane rukuni ne ke hannunsa, domin hukuncin ɗaya ba ya hawa kan ɗayan.

Yadda ake askin

A duba inda ganye ya haɗu da kara, wurin da ya yi kama da hammata. A nan wani ɗan toho yake fitowa. In aka ƙyale shi zai zama cikakken reshe mai ganyensa da furensa, yana raba abinci da uwarsa. 'Yan'uwanmu masu karanta ɓangaren Faransanci sun san sunan da ake kiransa da shi a wannan harshe yana nufin mai haɗama, kuma sunan ya dace da shi.

Ga gajeren iri, askin kaɗan ne. A jira tarin fure na farko ya bayyana. A cire tohon da ke ƙasa da shi, amma a bar guda ɗaya, wato wanda ke dab da ƙarƙashin furen, domin shi ne mai ƙarfi kuma zai yi 'ya'ya masu yawa. Daga nan zuwa sama kada a taɓa komai. Kowane reshe na sama amfani yake ɗauke da shi, ganyensa kuma shi ne laimar da ke kare 'ya'ya daga ranar bazara.

Ga dogon iri, ana zaɓen kara ɗaya ko biyu, a riƙa cire sauran toho duk mako. A ƙasa mai zafin rana kamar tamu kara biyu ya fi, saboda inuwa. Idan ya rage kamar wata guda a tashi daga lambun, sai a datse kan tsiron, a bar ganye biyu a bisa tarin 'ya'ya na ƙarshe, don ƙarfinsa ya koma ga nunar da abin da ya riga ya ɗauka.

Ga ƙa'idojin da suka shafi iri biyun duka. Na farko, a cire toho tun bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. A wannan lokaci da babban yatsa da manuni ake karya shi, raunin kuma ƙarami ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, a yi aikin da hantsi bayan raɓa ta bushe, don rana ta busar da raunin kafin dare. Kada a taɓa tsiro yana jiƙe. Na uku, a cire ganyen ƙasa da ke taɓa turɓaya da wanda ya yi rawaya ko tabo, biyu ko uku a mako, a kwashe su daga lambun a binne ko a ƙone. Na huɗu, wanda zai yi amfani da wuƙa ko reza ya riƙa tsoma ta a ruwan bilic, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa. Tsiron da ya yi yaushi farat ɗaya ko ganyensa ya nannaɗe a bar shi sai ƙarshe, ko a tuge shi gaba ɗaya, don hannu da wuƙa suna ɗaukar wasu cututtuka daga tsiro zuwa tsiro. Mai shan taba ko mai tauna ta ya wanke hannu da sabulu kafin ya shiga, domin akwai cutar da ke kama ganyen taba wadda ke kama tumatir.

Kada mu ɓoye gaskiya: aski yana rage yawan 'ya'ya. Abin da yake ƙarawa shi ne girmansu da tsabtarsu da saurin nunarsu. Mai lambu ya auna da kansa abin da kasuwarsa ta fi biya.

Yadda ake ɗaga shi

Hanya mafi sauƙi ita ce sanda ɗaya ga kowane tsiro. A kafa ta mako biyu zuwa uku bayan dashe, tazarar tafin hannu daga gindi. In aka jinkirta har saiwa ta bazu, sandar za ta yanke ta. A ɗaure da tsumma ko igiyar rama, a gitta igiyar tsakanin kara da sanda kamar lamba 8, a matse a jikin sanda, a saki a jikin kara, don kara yana ƙara kauri. Ɗaurin ya kasance ƙarƙashin ganye, kada ya shaƙe tarin fure. Siririyar igiyar roba tana yanka kara idan iskar hunturu ta kaɗa.

Amma ga 'yar'uwarmu ta Bawku, da duk mai ɗaruruwan gindi na gajeren iri, mun fi ba da shawarar saƙa. Ana kafa sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi bayan kowane gindi biyu a kan kunya, a nutsa ta kamar santimita 30 a ƙasa, a sa turaku masu kauri a bakin kunyar biyu. Idan tsiro ya kai dani ɗaya da ɗan abu, sai a ɗaura igiya a turken farko, santimita 20 zuwa 25 daga ƙasa, a ja ta ta gefe ɗaya na tsire-tsiren ana naɗa ta a kowace sanda har ƙarshe, sa'an nan a juyo ta ɗaya gefen. Tsiron ya zama yana tsaye tsakanin igiya biyu kamar zare a masaƙa. Duk lokacin da ya ƙara dani ɗaya sai a ƙara wani layin. Layi uku ko huɗu sun ishi gajeren iri. Da wannan hanya rabin sanduna ake bukata, kuma mutum biyu suna gama kunya mai tsawo kafin rana ta yi zafi. A bar tazarar kamar mita ɗaya tsakanin kunya da kunya don wucewa da kwando.

Dogon iri kuwa yana son turaku masu tsawon mita biyu da waya a bisansu, a sauko da igiya ga kowane kara, a riƙa naɗa karan a jikinta duk mako.

Game da sanduna, darbejiya tana ko'ina a garuruwanmu, tana sake toho in an sare reshenta, gara kuma ba ta saurin cin ta. Gora ma tana yi. Karan dawa yana taimakawa a tsakiyar layi amma ba ya ɗaukar nauyi shi kaɗai. Muna roƙon matasa kada su sari kaɗanya ko ɗorawa saboda wannan aiki, domin iyayenmu mata da su suke rufa wa gidaje asiri. Bayan an tashi daga lambu a tuge sandunan, a kankare, a shanya a rana, a jingine su a inda ba sa taɓa ƙasa, za su sake aiki baɗi.

Abin da za a samu

Tumatirin da ke tsaye yana nuna wa mai shi halin da yake ciki. Tsutsar nan mai haƙa cikin ganye, wadda ta yi wa manoman Kano da Kaduna da Katsina mummunar ɓarna a 2016, ana ganin sawunta da wuri idan ganye a buɗe yake. Ban ruwa yana zuwa gindi kai tsaye ba tare da jiƙa ganye ba, sai dai a kiyaye: tsiron da aka ɗaga ƙasarsa tana saurin bushewa, don haka a shimfiɗa ciyawa busasshiya ko ƙaiƙayin shinkafa a gindi, a kuma daidaita ban ruwa. Ƙishirwa yau, ambaliya gobe, ita ke fasa tumatir, ita ke kuma baƙanta masa gindi. Wanda yake son gwada noman damina, lokacin da tumatir ke tsada, ya sani cewa a lokacin madogari wajibi ne, kuma ya nisanci fadamun da ruwa ke cinyewa idan aka buɗe madatsar Bagre wajen watan Agusta da Satumba.

Shawararmu ta ƙarshe ga 'yar'uwarmu: kada ki juya lambun duka a shekara ɗaya. Ki ware kunya biyu ki yi musu aski da saƙa, ki bar biyu kusa da su yadda kika saba, iri ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Ki sa babban yaronki ya riƙa rubuta kwando nawa aka tsinka a kowace, nawa aka zubar, nawa aka sayar. Gani ya kori ji. Idan an kammala ki aiko mana da lissafin, za mu buga shi a wannan fili ko ya goyi bayanmu ko ya ƙaryata mu, don sauran gidaje su amfana.

A fitowa ta gaba, in sha Allahu, za mu yi bayani a kan yanka tumatir da shanya shi, domin a rage asarar da ake yi idan kasuwa ta cika. Allah ya sa albarka a lambunanmu, ya rufa mana asiri.