A bar wa mota matatar hayaƙinta

Garin Gidimuni yana bisa babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta ratsa Damagaram, ta nufi Gure da Difa. Motocin da suka nufi gabas ta nan suke bi, da yawa kuma sukan tsaya a tasha, injin bai mutu ba, mata da yara masu tallar rake da dabino da kayan lambun bakin tafki suna kewaye da su. Abin da salansa ta fitar su ne suke fara shaƙarsa. Shi ya sa zancen wani ƙaramin ƙarfe da ake yankewa a ƙarƙashin mota ya shafi mutanen da ba su taɓa mallakar ko keke ba.

Ƙarfen nan shi ne katalizar. Makanikan Najeriya suna ce masa indomi, don cikinsa ƙananan ramuka ne jere kamar saƙar zuma, sun yi kama da dunƙulen taliya. Yana tsakanin injin da bakin salansa. An shafe ramukan da ƴan giram kaɗan na wasu ƙarafa uku masu tsada, filatin da faladiyom da rodiyom. Idan ya yi zafi, hayaƙi ya ratsa ta ciki, sai ya sauya yawancin dafi iri uku: iskar nan marar wari mai kashe wanda ya kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, da ragowar man da bai ƙone ba, da wata iska mai cin huhu, mai tayar da ciwon fuka. Amurka ta fara sa shi a motocin fetur a 1975, Turai ta wajabta shi tun 1993.

A can, samari masu motocin tsere ne suka fi cire shi, don motar ta yi ruri, ta ƙara ɗan ƙarfi. Doka ta hana, kuma motar da aka yi wa haka ba ta tsallake binciken hukuma. A nan dalilin daban ne, kuɗi ne. A watan Maris na 2021 farashin rodiyom ya kusa dalar Amurka 30,000 kowane oza, ya ninka na zinariya fiye da sau goma. Farashin ya faɗi daga baya, amma masu saye sun riga sun san hanya. Akan yanke shi tun a Turai, ko a tashar jirgin ruwa, ko a gareji, a like guntun bututu a gurbinsa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari suka zo Afirka. Masu binciken Holan, a wannan shekara, sun tarar yawancin waɗanda ake lodi daga ƙasarsu sun kai shekara 16 zuwa 20, waɗansu kuma an riga an cire masu katalizar.

Akwai hujjar da ake kawowa, wai man ƙasashen nan yana toshe shi, gara a cire. Da can maganar tana da tushe, gama fetur mai darma yana kashe katalizar. Amma Afirka ta kudu da Sahara ta daina sayar da irin wannan mai tun farkon 2006, duniya duka ta rabu da shi a 2021. Gaskiya ne katalizar yakan toshe, mota ta riƙa nishi a kan tudu. Sai dai galibi injin ne yake shan baƙin mai, ko fulogi ya mutu, ɗanyen fetur yana gangarawa ya ƙona ramukan. Wanda ya cire katalizar ya bar injin da ciwonsa, kuma ƙarfen da makaniki ya ce ya lalace, da wuya a gan shi a juji.

A watan Satumba na 2020 ƙungiyar CEDEAO ta tsai da ƙa'ida: fetur da gazuwal da ake shigowa da su kada farar wutar cikinsu ta wuce kashi 50 cikin miliyan, motoci kuma su cika ma'aunin Euro 4. Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Fitar ba ta rage bukatar ba, ta mai da nauyin ne kacokan a wuyan hukumomin ƙasa, ga kuma matatar SORAZ tana aiki a jihar Damagaram tun 2011, wato ingancin mai abu ne da ake iya tsayarwa a gida.

Wajibi ne ma'aikatan duwan da masu binciken lafiyar motoci su riƙa leƙa ƙarƙashin mota kafin su buga hatimi, a fara kuma da motocin gwamnati, waɗanda suke kwana a gareji ba mai su a kusa. Mai sayen mota shi ma ya durƙusa ya duba da idonsa: sabon walda a tsakiyar tsohuwar salansa, ƙara mai kaushi, da warin ɗanyen mai bayan injin ya yi zafi. In ya ga haka, ya nemi a mai da ƙarfen tun kuɗi bai bar hannunsa ba. Mai kai mota gyara kuwa ya ce a nuna masa duk abin da aka kwance, ya tafi da shi gida.